Ma'anar Kalmomin Sadarwar Kwamfuta, Daga Modem na Layin Tarho Zuwa Wayar Hannu

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, musamman na Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda harkokinsu da dama a yau suka rataya a kan hanyoyin sadarwa. Albashi ta banki yake zuwa. Ɗalibi ba ya samun rajistar jarrabawar JAMB sai ta intanet. Mai sayar da shinkafa a kasuwar Talata kuma sau da yawa ta na'urar POS yake karɓar kuɗinsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, abin da ake ji a bakin kowa shi ne "babu sabis". Wannan magana ba ta nuna inda matsalar take, balle ta nuna wanda ya kamata a tuntuɓa domin gyara.

Mafi yawan kalmomin wannan fanni sun samo asali ne daga zamanin da ake haɗa kwamfuta da intanet ta layin wayar tarho, wato ta hanyar buga lamba kamar mai kiran mutum. Wannan hanya ta shuɗe a ƙasar nan, amma sunayen da ta bari suna nan a takardun kwangila da rasitai da fuskar wayoyinmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu fara daga can, domin a wancan tsari kowane sashe a fili yake, ana ganinsa da ido, har ma ana jinsa da kunne.

Layi da cibiyar haɗa kira

Kamfanin NITEL, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1985, shi ne yake riƙe da layukan tarho na ƙasa. Kafin shekarar 2001, layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai 500,000 ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100, kuma galibin layukan suna manyan birane ne. A wancan lokaci kowane birni da lambar shigarsa: Legas 01, Sakkwato 060, Kaduna 062, Gusau 063, Kano 064. Mafi yawan ƙauyukanmu kuwa ba su taɓa ganin turken tarho ba, tun suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato har zuwa lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996.

Abin da ake kira layi, zare biyu ne na jan ƙarfe da suka taso daga gida ko ofis suka tafi cibiyar haɗa kira ta gari. A wannan cibiya ake haɗa mai kira da wanda ake kira. Idan aka ɗaga kan tarho aka ji wani amo mai ɗorewa, wannan shi ne amon layi, kuma ma'anarsa ita ce cibiyar tana raye, tana jiran lamba. Buga lambar iri biyu ne. Tsofaffin wayoyi masu faifan juyawa suna aika ta ne da ƙwanƙwasa, sababbi masu maɓalli kuma da sauti. Wanda ya saita kwamfutarsa a kan sauti alhali cibiyar garinsu ƙwanƙwasa kawai take ganewa, zai wuni yana bugawa babu amsa.

Daga nan za a ga cewa haɗuwa da intanet sarƙa ce mai gaɓoɓi biyar: kwamfuta, modem, layi, cibiyar haɗa kira, sai kamfanin da ke sayar da intanet. Ko wace gaɓa ta tsinke, sakamakon ɗaya ne a idon mai amfani, amma mai gyaran daban ne.

Mene ne modem

Kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi biyu, 0 da 1. Rubutu da hoto da murya duk da waɗannan biyun take ajiye su, kuma wannan ake nufi idan aka ce abu dijital ne. Layin tarho kuwa an gina shi ne domin ɗaukar muryar ɗan Adam, wadda take hawa da sauka babu yankewa, abin da masana ke kira analog. Layin yana ɗaukar sautin da kaɗawarsa take tsakanin sau 300 zuwa sau 3,400 a sakan ɗaya kawai. Saboda haka dole a samu tafinta tsakanin biyun. Wannan tafinta shi ne modem. Yana karɓar lambobin kwamfuta ya mayar da su sauti ya tura a layi, modem na ɗaya gefen kuma ya karɓi sautin ya mayar da shi lambobi. Sunan ma an haɗa shi ne daga farkon kalmomin Turanci guda biyu da ke nufin waɗannan ayyuka biyu.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Makaɗi yana mayar da magana sautin kalangu, wanda ya san kiɗan kuma yana jin sautin ya mayar da shi magana a ransa, ko da yana bayan gari. Wanda bai sani ba, hayaniya kawai yake ji.

Modem iri biyu ne ta fuskar zama. Akwai na ciki, wanda ake soke shi a cikin akwatin kwamfuta, akwai kuma na waje, ɗan akwati mai fitilu da ake haɗawa da kwamfuta ta wata kafa da ake kira COM. Masu gyara sun fi son na waje, domin fitilunsa suna nuna abin da ke gudana. Sokat ɗin layin tarho ƙarami ne, sunansa RJ-11. Ya yi kama da RJ-45, wanda ya fi shi faɗi, kuma shi ake amfani da shi har yau wajen haɗa kwamfutocin ofis da juna. Da damina, tsawa kan biyo layin jan ƙarfe ta ƙone modem ko da an kashe wutar kwamfuta, shi ya sa ake cire wayar daga bango da zarar hadari ya haɗu.

Kamfanin tarho na Amurka ya fitar da modem mai suna Bell 103 a 1962. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da wanda ke karɓar umarni daga kwamfuta kai tsaye, kuma kowane umarni yana farawa da haruffan AT. Misali, ATDT sannan lamba yana nufin buga wannan lamba da sauti, ATDP kuma buga ta da ƙwanƙwasa, ATH kuwa ajiye layi. Wannan yare bai mutu ba, kamar yadda za mu gani a gaba.

Gaisuwa kafin ciniki

Duk wanda ya taɓa shiga ofis mai intanet a wancan zamani zai tuna kukan da modem yake yi bayan ya buga lamba: fito, da ƙara, da wani shuu kamar rediyon da ya ɓata tasha, sannan shiru. Mutane da yawa sun ɗauka alamar lalacewa ce. Gaisuwa ce tsakanin modem biyu. A cikin waɗannan 'yan sakanni suke tambayar juna wace ƙa'ida kowanne ya iya, su gwada lafiyar layin, su daidaita a kan saurin da layin zai iya ɗauka. Idan ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, sabon ne yake sauko wa tsohon. Idan layin yana da ƙara, saboda ruwa ya shiga mahaɗa ko waya ta yi tsatsa, sai dukansu su rage gudu.

Bayan an daidaita, akwai wani sauti da ke ci gaba da gudana a layin wanda bayanai ke hawa kansa, ana kiransa sauti mai dako. Muddin yana nan, haɗuwa tana nan. Idan wani ya ɗaga kan tarho a ɗaya ɗakin, ko layin ya katse, sai ya ɓace, kwamfuta ta rubuta NO CARRIER. Sauran saƙonnin da modem ke bayarwa su ne NO DIALTONE, wato babu amon layi, da BUSY, wato layin can yana kan aiki, da CONNECT tare da lamba, wato an haɗu a kan saurin da lambar ta nuna. Manhajar Windows ita ma tana da nata lambobin: 680 babu amon layi, 676 layin can a cike yake, 678 an kira ba a amsa ba, 691 kuma an ƙi karɓar suna ko kalmar sirri. Ma'aikacin da ya san waɗannan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Lamba 680 ta ofishin tarho ce ko ta wayar da ke bango, 691 kuwa ta kamfanin intanet ce, kuma sau da yawa ma'anarta kuɗin da aka biya sun ƙare.

Ƙa'idojin da modem ke bi Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, take fitar da su, kuma sunayensu suna farawa da harafin V. Ƙa'idar V.32bis ta 1991 ta ba da bit 14,400 a sakan, V.34 ta 1994 ta ba da 28,800 sannan aka ƙara ta zuwa 33,600 a 1996, V.90 ta 1998 kuma ta kai 56,000. Wannan adadi na ƙarshe shi ne "56K" da ake rubutawa a jikin kwali. Amma na saukewa ne kawai, ɗorawa ba ta wuce 33,600, kuma ko saukewar ba a samunta sai layi yana da tsabta kuma kamfanin intanet yana haɗe da cibiya ta hanyar dijital. Abin da aka rubuta a kwali iyakar ƙarshe ce, ba alkawari ba.

Awo: bit, bayit da sauri

A nan ne aka fi samun ruɗani, kuma a nan ne aka fi cutar mai saye, don haka za mu ɗan tsaya.

Bit shi ne mafi ƙanƙantar awo, wato 0 ɗaya ko 1 ɗaya. Bit 8 su ne bayit 1, kuma harafin boko na yau da kullum, kamar "a" ko "m", bayit ɗaya yake ci. Bayit 1,000 su ne kilobayit, kilobayit 1,000 su ne megabayit, megabayit 1,000 su ne gigabayit, waɗanda jama'a ke taƙaitawa da "mega" da "giga". Wasu na'urori suna ƙirga 1,024 a maimakon 1,000, shi ya sa wani lokaci ake ganin ɗan bambanci tsakanin abin da aka saya da abin da waya ta nuna.

Girman fayil da bayit ake auna shi, amma saurin layi da bit ake auna shi. A rubuce, bayit babban harafi ne, B, bit kuma ƙarami, b. Saboda haka 10 MB nauyin kaya ne, 10 Mbps kuma gudun hanya ne, wato megabit 10 a sakan. Domin a san bayit nawa ke wucewa, sai a raba saurin gida 8. Layin da ke gudun 33,600 yana wuce da kilobayit 4 da 'yan kai a sakan, don haka takarda mai megabayit 1 tana cin kusan minti 4, hoto ɗaya na wayar zamani mai megabayit 3 kuma minti 12. Gigabayit 1 da matashi yake ƙararwa a yini guda yana kallon bidiyo, da a ce ta modem mai 56K zai sauke ta, sai ya shafe kusan awa 40 ba tare da layin ya katse ba. Layin 10 Mbps kuma ba megabayit 10 yake ba da wa a sakan ba, megabayit 1 da rubu'i ne.

Akwai kuma kalmar bod, wadda aka samo daga sunan wani Bafaranshe masanin tangaraho, Émile Baudot. Bod tana ƙirga sau nawa sauti ke sauyawa a sakan. A tsofaffin modem kowace sauyawa bit ɗaya take ɗauka, don haka bod 300 daidai take da bit 300. Daga baya aka iya ɗora bit da yawa a kan sauyawa ɗaya, har modem mai bit 9,600 ya zama yana aiki a kan bod 2,400 kacal. Tsofaffin ma'aikata har yau sukan haɗa su biyun, amma ba ɗaya ba ne.

Faɗin hanya kuwa, manoman da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, sun fi kowa saninsa. Babbar hanyar ruwa tana ɗauko ruwa mai yawa, ta raba wa ƙananan magudanai, su kuma su raba wa gonaki. Idan kowa ya buɗe tasa lokaci guda, na ƙarshen layi ɗigo yake samu. Haka intanet take. Kamfani kan sayar da faɗin hanya iri biyu: keɓaɓɓe, wanda mai saye shi kaɗai yake amfani da shi, da na tarayya, wanda ake raba wa mutane da yawa, a rubuta misali 1:10, wato mutum 10 a kan hanya ɗaya. Farashinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. A ganinmu, duk takardar kwangilar da ta ce za a kawo wa sakatariya ko asibiti ko makaranta "intanet mai sauri" ba tare da ta faɗi adadin saukewa da na ɗorawa ba, kuma ba ta faɗi ko keɓaɓɓe ne ko na tarayya ba, bai kamata a sa mata hannu ba. Ofis ya fi gida buƙatar ɗorawa, domin aikinsa aika rahotanni ne da jerin sunaye da hotunan takardu.

Wani abin lura da ya shafi harshenmu: haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowanne bayit 2 yake ci a tsarin rubutun da intanet ta fi amfani da shi. Wannan ba wani nauyi ba ne a imel. Amma a gajeren saƙon waya, saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, kuma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko da guda ɗaya, sai ya koma 70. Ofishin da ke tura sanarwar rigakafi ko ta rabon taki ga dubban mutane ya kamata ya san da haka kafin ya yi kasafin kuɗin saƙo.

Tun da layi yana da ƙara, wani bit kan juye a hanya. Dabarar farko ta gano haka ita ce a ƙara bit ɗaya na shaida a kan kowane harafi, kamar yadda ake ƙirga buhuna a wurin lodi a sake ƙirgawa a wurin saukewa. Daga baya ƙa'idar V.42 ta sa modem yana neman a sake aiko duk abin da ya lalace, V.42bis kuma tana matse bayanai domin su rage nauyi. Rubutu yana matsuwa sosai, hoto kuwa da ƙyar, domin galibi a matse yake zuwa.

Kamfanin intanet, suna da adireshi

Kamfanin da ke sayar da shiga intanet shi ake kira ISP. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba su lasisi. A shekarun farko galibinsu suna Legas ne, da rassa a wasu manyan birane. Wanda garinsu babu reshe sai ya yi kiran nesa, ya biya kuɗi biyu: na tarho bisa mintoci, da na kamfanin bisa awoyi. Wannan ya koya wa ma'aikatan lokacin tsimi. Sukan rubuta wasiƙunsu duka kafin su haɗu, su buga lamba, su aika, su sauke waɗanda suka iso, su katse, sannan su zauna karantawa. Ƙa'idar aika imel sunanta SMTP, ta ɗaukowa kuma POP3. Wannan dabara tana da amfani har gobe ga ma'aikacin lafiya ko malamin gona da ke cike fom a ƙauye, ya jira sai ya iso inda sabis yake da ƙarfi ya tura.

Kamfani yana ba kowane mai hulɗa sunan shiga da kalmar sirri. Suna kowa na iya sani, kalmar sirri kuwa ta mai ita ce shi kaɗai, kuma babu ma'aikacin banki ko na kamfanin waya na gaskiya da zai kira ya nemi a faɗa masa ita.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lamba da ake kira IP, wanda a tsohon tsari gungu 4 ne na lambobi, kowanne daga 0 zuwa 255. Da yake mutane ba sa iya haddace lambobi, sai aka yi tsarin DNS, wanda ke fassara suna zuwa lamba kamar littafin lambobin tarho. Ƙarshen suna yana nuna asalinsa. Na Nijeriya yana ƙarewa da .ng, na hukumomin gwamnati kuma da .gov.ng, wanda ba a ba kowa sai hukuma. Idan aka turo saƙo cewa gwamnati tana rabon tallafi ko ɗaukar ma'aikata, a fara duba ƙarshen adireshin kafin a ba da lambar BVN ko ta NIN.

Bayanai ba a dunƙule suke tafiya ba. Ana yanka su ƙananan ƙunshi, kowanne da adireshin inda ya fito da inda za shi da lambar jerinsa, a can kuma a sake jera su. Ƙa'idar da ke kula da wannan ita ce TCP/IP, wadda aka koma kanta a Amurka ranar 1 ga Janairu 1983.

Bayan layin jan ƙarfe

Yankinmu bai daɗe a kan layin tarho ba, domin dama layin bai yaɗu ba. Shagunan intanet da manyan makarantu da bankuna a Arewa sun fi dogara da VSAT, wato faranti da ke magana da tauraron ɗan Adam mai nisan kusan kilomita 36,000. Saboda wannan nisa, tambaya da amsarta suna cin fiye da rabin sakan a hanya, komai faɗin layin. Wannan shi ake kira jinkiri, kuma daban yake da sauri. Ruwan sama mai ƙarfi ma yakan dushe siginar. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, suna kusa da ƙasa, kimanin kilomita 550, don haka jinkirinsu kaɗan ne.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Agusta 2001, lokacin da Alhaji Ahmed Sani Yariman Bakura yake Gwamnan Jiha, kamfanonin MTN da Econet suka fara, Glo ya biyo a 2003. NITEL ya yi ta ja da baya har aka sayar da kadarorinsa a 2015. A Amurka ma kamfanin AOL ya rufe intanet ta buga lamba a ƙarshen Satumba 2025.

Sai dai modem bai tafi ko'ina ba, rigarsa ya sauya. Ɗan abin nan mai kama da filashi da ake sa wa layin SIM a soka a kafar USB, wanda kowa ke kira modem, umarnin AT yake karɓa, kuma lamba yake bugawa, *99#, kamar kakansa. A cikin kowace wayar hannu akwai modem, haka a cikin na'urar POS, haka a cikin na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta yi amfani da ita a 2023. Bambancin shi ne a kan igiyar rediyo suke ɗora lambobi maimakon jan ƙarfe.

Harafin da ke bayyana a saman fuskar waya yana faɗin irin hanyar da aka samu. G na nufin GPRS, wadda gudunta kusan daidai yake da na modem na layin tarho. E na nufin EDGE, wadda ta ɗan fi ta. Sai 3G da H da H+, sannan 4G ko LTE, sannan 5G da aka fara a wasu manyan birane a 2022. Wanda wayarsa ta nuna G ko E a wani ƙauye na Maradun, lissafin mintocin da muka yi a sama shi ne nasa. Kira da gajeren saƙo da lambobin banki masu farawa da tauraro, waɗanda ake kira USSD, za su iya tafiya, domin ba sa buƙatar data, amma ɗora hoton takarda zai wahala.

Sandunan sigina kuma abu ɗaya kawai suke nunawa, wato ƙarfin haɗuwar waya da turken sadarwa mafi kusa. Turken shi ne ya maye gurbin layin bango, kuma shi ma yana buƙatar wuta, galibi daga janareto mai shan dizal ko hasken rana, yana kuma buƙatar hanyar da za ta kai shi cibiya, ko ta faranti daga turke zuwa turke ko ta kebul na zaren gilashi da ake binnewa a gefen titi. Idan masu aikin hanya suka yanke kebul ɗin, waya za ta nuna sanduna cike amma babu abin da ke tafiya. Sarƙar ma ta wuce iyakar ƙasa. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu kebul na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, kuma bankuna da dama a Nijeriya sun samu tangarɗa a kwanakin.

Jama'ar Zamfara sun ga abin da tsinkewar wannan sarƙa ke haifarwa fiye da kowa. A farkon Satumba 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a faɗin Jihar saboda matakan tsaro. An dawo da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuma sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci wayoyi lafiya suke, layukan SIM lafiya suke, da kuɗi a cikinsu, gaɓa ɗaya ce kawai aka cire. Masu POS suka rufe, masu neman tura saƙo ko karɓar kuɗi suka riƙa tafiya garuruwan maƙwabtan jihohi.

Yadda ake kai ƙorafi

Kafin a kira kowa, a bi sarƙar daga kusa zuwa nesa. A duba ko akwai data a layin. A kashe na'ura a kunna. A duba harafin da ke saman fuska. A gwada layin wani kamfani a wuri guda: idan shi yana aiki, matsalar ta turken kamfanin farko ce, idan kuma dukansu suna buɗe wasu shafuka amma shafi ɗaya ya ƙi, matsalar ta masu wannan shafin ce, ko banki ko hukuma. A ofis, a duba fitilun na'urar da ke rarraba intanet, a rubuta wadda ta mutu ko ta koma ja.

Tun daga 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a kan dukkan kamfanoni. Ana kiran 300 domin magana da masu kula da abokan hulɗa, *310# domin duba kuɗi, *312# domin sayen data, *323# domin duba ragowar data, sannan ana aika saƙo zuwa 2442 domin dakatar da saƙonnin talla. Mai ƙorafi ya faɗi sunan gari ko ƙauye, da rana da lokacin da abin ya fara, da harafin da waya ke nunawa, da ainihin saƙon da ya fito a fuska, sannan ya karɓi lambar ƙorafinsa ya ajiye. Idan kamfani bai warware ba, sai a kira NCC kyauta a kan 622 a ba da wannan lamba. Ofisoshin ƙananan hukumomi kuma su riƙa ajiye littafi na musamman da ake rubuta ranakun da intanet ta ɗauke da tsawon awoyin, domin da shi za a zauna da ɗan kwangila idan lokacin sabunta yarjejeniya ya zo.